Maganar Inna a Cikin Adaka

Ni mahauci ne, ban iya waya ba. Na iya kira, na iya amsawa, na iya danna jan maɓallin nan da ke ɗaukar bidiyo. Na ƙarshen ma ƙanena ne ya koya mini, kuma shi ya jawo mini duk abin da zan faɗa.

Gidanmu a Marjandafak yake, bayan kasuwa. Kakanmu na wajen uwa ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai tafi Makka, ya ƙetare kogi, ya sauke kaya a nan, bai sake ɗauka ba. Irinmu da yawa a unguwar. Har yau in ka tambayi Inna, mahaifiyarmu, mu mutanen ina ne, sai ta ce muna kan hanya. A nan aka haife ta, a nan ta haife mu, a nan haƙoranta suka zube, amma muna kan hanya.

Ƙanena ya yi lakwal, wato boko, yana aiki a kudu. Da ya zo hutun Sallah ya ji Inna ta kira 'yata da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife mu. Sai ya ja ni zaure ya ce, "Yaya, tsohuwar nan ta fara zubar da kaya. In ba mu ɗauki labarin hanyar nan yanzu ba, shi ke nan."

Ya sayo abu biyu. Ɗaya fari mai ƙaho biyu, shi ne wifi. Ɗaya baƙi kamar bulo, ya ce shi ne ma'ajiya, duk abin da na ɗauka a waya sai in tura masa ta iska ya riƙe. Igiya ta haɗa su. Ya kai su ƙuryar ɗakin Inna saboda can ne wayar sola ta shiga don fankarta, kuma ginin ƙasa ne mai kauri, ya fi ko'ina sanyi. Ya ɗora su a kan adakar ƙarfen da kakanmu ya zo da ita. Ya nuna mini inda zan danna, ya tura hoton rago ɗaya don in gani, ya koma kudu.

Inna ta ce ni za ta gaya wa, ba wani ba, kuma sau ɗaya za ta faɗa. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona ba in tana magana. Bayan la'asar in na dawo daga kasuwa na yi wanka, sai in zauna a ɗakinta na gaba, in jingina wayar da butar shayi. Wata rana ta yi magana, wata rana ta ce kanta na ciwo. Ta faɗi garuruwan da suka bi, da wanda ya mutu a hanya da inda aka binne shi, da sunayen iyaye har inda ta sani. In labari ya yi daɗi gyale ya zame, ta yi ta dariya da dasashi, ba ta damu ba. Haka muka cinye bazara.

Sai wayar ta cika. Ba cikar ce ta dame ni ba, bayanta ne ya fara kumbura kamar tumbin da ya yini a rana, har gilashin ya ɗaga ta gefe. Ramin cajin ma ya daɗe da lalacewa, sai na tokare igiyar da ƙotar wuƙa take ɗaukar wuta. Na gaya wa ƙanena, ya ce batirin ne zai tafi, in kwashe komai yau ɗin nan. Na ce ko in kai wa masu gyara na kasuwa su juye. Kafin ya amsa na amsa wa kaina. Na san abin da suke yi da hotunan matan mutane, kuma uwata ce a ciki kanta a buɗe.

Na zauna a tsakar gida na danna inda aka nuna mini. Wani shuɗin layi ya fito, wai in ya kai ƙarshe bidiyo ya ƙetare. Layin ya yi kamar zai tashi, ya tsaya. Na yi alwala na je masallaci na dawo, bai kai faɗin farce ba. Can sai ya yanke, ya koma farko. Na gwada washegari, haka. Wayar kuma sai zafi take yi a hannuna.

Ƙanena ya ce, "Yaya, kai ne ba ka iya ba."

Na ce, "To zo ka iya."

Bai zo ba, ya turo mini wani abokinsa mai gyaran irin waɗannan kaya daga unguwar Kabalai. Magidanci ne, da furfura a gemu, da babur da jaka a kafaɗa. Ba ya jin Hausa, da Larabci muke magana, kuma tun daga ƙofa ya fara ce mini Alhaji. Na ce masa mu zuriya uku ke nan muna hanya ba mu isa ba, ya bar ni da sunan. Ya yi dariya, ya ci gaba da Alhajinsa.

A gidanmu baƙo namiji ba ya faɗawa ciki haka kawai, balle ƙuryar tsohuwa. Tun da rana nake gaya wa matata za a shigo. In ya iso mu zauna a zaure a sha shayi, su kimtsa, a share, Inna ta yafa mayafi ta koma gefe, sannan a ce mu shiga. Ni kaina tun da na balaga ban taka ƙuryar nan ba sai da dalili irin wannan. Iyakata labule.

Muka shiga. Ga fari ga baƙi a kan adaka, fitilunsu na ƙiftawa. Ya karɓi wayar ya danna inda nake dannawa. Layin nan ya zura a guje kamar ɗan maraƙin da aka kwance. Kafin in gyara tsayuwa bidiyo ɗaya ya ƙetare, ya sa na biyu, shi ma ya wuce. Daga nan wayar ta yi zafi ta kashe kanta. Ya ce in bar ta ta huce, in riƙa tura ɗaya ko biyu a rana, lafiya lau komai yake. Na raka shi ƙofa.

Washegari na danna, layin ya kwanta kamar an yanka shi.

Na sake kiransa, ya sake zuwa, layin ya sake gudu a gabansa. Ya tafi, ya kwanta. A nan na fara kallon jakarsa. Na san masu gyaran firiza, na san masu gyaran babur. Akwai wanda zai gyara maka abu yadda zai yi aiki muddin yana tsaye, don gobe ka sake nemansa. Na ce a raina wani abu ne a jakar nan, ko a wayarsa, yake ba abin ƙarfi. Zuwan da ya yi na gaba, da muka gama shayi na ce ya bar jakar da wayarsa a zaure.

Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ko jallabiyar ma in tuɓe?"

Na ce, "Zazzage aljihu dai."

Ya zazzage. Makulli ne da goro. Muka shiga, ya danna da yatsa ɗaya yana kallona, layin ya gudu. Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara sa ni zarginsa ke nan, don mai gaskiya in an caje shi yakan ɓata rai. Ya yi mini bayani wai abin yana da hanya biyu, ɗaya mai sauri amma ba ta son bango, ɗaya mai nisa amma a hankali take. Ya taɓa wani abu a ciki, ya ce in ina turawa in matso kusa, kada in zauna can gindin darbejiyar tsakar gida. Na matso. Na tsaya har jikin labulen ƙurya, wayar a sama kamar mai neman a ba shi sadaka. Babu abin da ya canja.

Sai hankalina ya koma kan maƙwabcinmu. Tela ne, bangon shagonsa shi ne bayan ɗakin Inna. Kullum waya a kan keken ɗinkinsa yana kallon ƙwallo, kuma ban taɓa ganin ya je sayen kati ba. Na lissafa abin: shi ke shan wifin ta bango, in ya ga babur a ƙofata sai ya sauka, in babur ya tafi ya hau. Na same shi na ce, "Malam, ƙwallon nan da iskar wa kake kallonta?"

Ya ce, "Da ta Allah, wadda kake shaƙa."

Na ce, "Ta Allah ba ta da lambar sirri."

Ya ce, "In taka ta shigo shagona zan ɗaure maka ita in aiko. Kai dai ka rage ƙashi a naman da kake ba mu."

Na sa aka canja lambar. Mai gyara ya nuna mini a fuskar wayarsa cewa babu kowa a kan abin sai mu. Na ce ɓarawo ba ya rubuta sunansa. Na ce masa nan gaba ya bar babur a gida, ya hau kilando, babur ɗin haya, ya sauka a bakin kasuwa, ya shigo ta lungun baya. Ya yi haka, mutumin nan da haƙuri. Tela bai gan shi ba, na tabbatar. Layin ya gudu. Ya tafi, ya kwanta.

A lokacin gilashin wayar ya ɗaga har kana hango cikinta. Abin da ya ƙetare bai kai rabi ba. Inna kuma ta fara tambayata ko babana ya dawo daga kasuwa, mutumin da muka binne da daɗewa. Na san in wayar nan ta tafi, ba za a sake samun labarin ba ko ta yarda ta maimaita.

Ina kan teburina ina sarar ƙashi tunanin ya zo mini. Ba jaka ba ce, ba babur ba ne. To wa kuma yake sanin mai gyara zai zo? Mutanen gidana kaɗai. Ni nake gaya musu da bakina.

Rannan da azahar na aika gida cewa mai gyara zai shigo bayan la'asar. Shi kuwa ban kira shi ba. Na dawo, na yi wanka, na zauna a tsakar gida, can gindin darbejiyar da aka hana ni, na danna. Layin ya tashi a guje. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ɓarawon da nake nema a waje ashe tuwo ɗaya muke ci.

Ɗaya ya ƙetare, na sa wani. Matata ta fito daga madafi tana goge hannu ta ce, "Maigida, baƙon bai zo ba? Shayin zai huce."

Na ce, "Ya fasa."

Ta ce, "To." Ta shige ɗakin Inna. Na kasa kunne. Na ji ƙarar ƙarfe, irin ta murfi in ya sauka. Na dubi wayar, layin ya tsaya cak.

Da ta fito na ce, "Me kika rufe?"

"Adaka."

"Me ke ciki?"

"Kayanku mana, farin da baƙin. Inna ta ce in baƙo ya tafi a mayar."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ƙanenka ya koma."

"Kina gani ina fama, ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Ni na san ruwan adaka da wayarka? Kuma ka tambaye ni? Ka tambayi tela, ka tambayi jakar bawan Allah, har aljihunsa ka tambaya. Ni tuwo kawai kake tambayata."

Na yi sallama a bakin labule. Inna ta san babu baƙo, amma ta ce in shigo. Saman adaka wayam, sai wani ƙyalle da aka shimfiɗa. Igiyar wuta ta bi ta ƙarƙashin murfi ta shige ciki. Na durƙusa na ce, "Inna, kayan nan me ya kai su adaka?"

Ta ce wa bango, ba ni ba, "Wancan na kudu ya ce maganata a ciki take zama."

"Haka ne."

"To sunan ubana da na uwata da na waɗanda aka binne a hanya, a bar su a fili kamar kwanon awaki? Duk abin da muka zo da shi a nan yake kwana. Baƙo ya zo ganin abu, a fitar masa ya gani. Ya tafi, a mayar."

Na ce, "Ai murfin ne yake hana maganar shiga."

Ta ce, "Yake hana ta fita dai. An ce ta iska take tafiya. Iska ta san katanga? Telan nan kunnensa a bangon nan yake tun yana saurayi."

A nan kam bakinmu ɗaya.

Na kira mai gyara na gaya masa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ƙarfe ba ya barin abin ya wuce, ɗan abin da nake samu ta bakin murfi yake tsiyayowa. Ya ce kuma in aka ci gaba da rufe baƙin yana kunne a wannan zafin, zai dahu da duk abin da ke cikinsa. Ƙanena ya yi ta faɗa a waya da Faransanci, na bar shi ya gama, na ce ya zo ya gaya wa uwarsa da Hausa. Bai zo ba.

Inna ba ta yarda a bar su a waje ba. Abin da ta yarda da shi, bayan na yi ta roƙo, shi ne a buɗe murfi in zan tura, a rufe taga, ita ta zauna a gefen adaka, ni in zauna a tabarma a gabanta. In an gama a kashe a rufe. Ta tambaye ni ta wane gefe zan fara. Na ce daga na farko zan bi su a jere har na ƙarshe, don kada in rikice. Ta gyaɗa kai.

Haka na koma shiga ƙuryar uwata kullum bayan la'asar, ni da furfurata. Da murfin a buɗe na ga abin da ban taɓa gani ba. Haramin kakanmu na aikin hajji a naɗe, ya koma ruwan ƙasa, ba a taɓa ɗaura shi ba. Wata gorar ruwa da ta tsage. Farin yadi sabo a gefe, ban tambaya ba, na san likkafaninta ne. A tsakaninsu fari da baƙi suna ƙifta fitila. In wayar ta yi zafi sai in manna bayanta a jikin randa, inda yake da laima, har ta huce. Wata rana biyu su wuce, wata rana ɗaya, wata rana Inna ta ce ta gaji da zama, a rufe, gobe ma rana ce. Na lura wannan gajiyar ta fi yawa da muka kusa ƙarshe.

Na ƙarshen shi ne mafi tsawo, kuma shi na fi so. Mun tashi ana gaya mana ciwon ƙafa ne ya tsayar da kakanmu a garin nan. Amma ranar da na ɗauki wannan, Inna tana cikin nishaɗi, gyale a kafaɗa, ta ce ƙafarsa lau, guzurinsa ma bai ƙare ba. Da ya sauka daga kwalekwale ya ga wata Bafulatana tana sayar da nono a bakin kogi. Ya sha, ya ce zai huta mako guda. Ayari ya wuce ya bar shi yana hutawa. Mai nonon ita ce uwarta. Inna ta yi dariya rannan har da hawaye, ta ce har ya mutu in an yi maganar Makka sai ya kama ɗingishi.

Ranar da na zo kansa, layin ya kai wajen rabi sai fuskar wayar ta yi baƙi. Wani wari ya tashi kamar na roba a wuta. Na manna ta a randa, na tokare caji, na yi duk abin da na saba. Ba ta farka ba. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce cikinta ya ƙone, kuma rabin bidiyo ba ya buɗuwa, ma'ajiyar ta zubar da shi. Sauran duk suna nan, ya kunna mini su na gani.

Na ari wayar matata, na ce, "Inna, guda ɗaya ne ya ɓata. Ki taimaka ki sake faɗin yadda aka yi Kaka ya tsaya."

Na ɗauka za ta ce sau ɗaya ta yi alkawari. Sai ta ce a miƙo mata mayafi. Ta yafa, ta gyara zama, ta dubi wayar sosai yadda ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Ciwon ƙafa ne ya kama shi a bakin kogi. Ya so ya wuce, Allah bai nufa ba."

Na ce, "Inna, ba haka kika ce ba."

"Haka na ce."

"Kin ce mai nono."

"Kai da kunnenka. Kashe abin nan."

Na gaya wa ƙanena abin da ke cikin wanda ya ɓata. Ya ce, "Yaya, kai kullum da zargi. Ka zargi mai gyara, ka zargi tela, yanzu kuma Kaka da yake kabari." Ya ce tsohuwa ce, ta rikice rannan, abin da ke cikin ma'ajiya shi ne labari. Matata tana madafi lokacin da aka yi waccan hirar, ba ta ji ba. Ni kaɗai na ji.

Ban ce Inna ta ja kwanakin nan da gangan ba. Mace ce da take neman mijinta da ya mutu, yaya za ta shirya wa waya dabara? Amma ita ta tambayi ta inda zan fara, kuma ita ta riƙa gajiya. Da na ɗauki matacciyar wayar zan kai wa wani da aka ce yana iya ciro abu daga ƙonanniya, ta miƙo hannu ta ce in ba ta. Ta ɗaga haramin kakanmu, ta sa wayar a ƙarƙashi, can ƙasan adaka, ta mayar da harami a kai. Ta sa matata ta sauke murfi, ta ɗaura makullin a bakin zanenta. Ta ce mini an kusa kiran magariba, in tashi in ba ta wuri.